Shafin Baban Yara a Littafin Mai Shago

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in ba da labarin nan, amma duk sanda na fara sai zuciyata ta karye in ajiye. Ni mace ce mai 'ya'ya biyar, ina zaune a Kano, a wata unguwa da ke gefen titin Haɗeja, ba nisa da kasuwar Yankaba. Shekara goma sha huɗu na yi a ɗakin miji ban san nawa ake sayar da kwanon shinkafa ba. Haka na taso na gani a gidanmu: cefane na maigida ne, girki na uwargida. Mahaifina shi yake shigowa da leda, mahaifiyata ta karɓa ta ce Allah ya ƙara buɗi. Da aka yi mini aure a 2006, ni ma haka na ci gaba.

Lokacin da aka kawo ni unguwar, gonaki ne a bayan gidanmu. Da damina kana leƙawa ta katanga sai ka ga gero da dawa. Fulani suna shigowa da ƙwaryar nono da hantsi, mai nama yana zagayawa da tire kafin azahar, a gindin darbejiyar bakin layi kuma akwai wani dattijo mai kayan miya da yake kasa tumatir da tattasai da attaruhu a kan buhu. Ga injin niƙa, ga mai itace. Sai kuma shago guda ɗaya da aka fasa a jikin zauren wani tsohon gidan ƙasa, wanda kowa yake kira shagon Baba. Shinkafa, wake, taliya, sukari, gishiri, magi, man gyaɗa, manja, sabulu, ashana, duk a nan ake saya. In kuɗinka bai kai kwano ba a auna maka gwangwani, in bai kai gwangwani ba a ƙulla maka a leda. Ni dai muryarsa kawai na sani, in yana kiran yaro ya dawo ya karɓi canji.

Baban yara yana aiki a wani kamfanin roba a wajen Bompai. Mutum ne mai shiru. Kullum bayan magariba zai yi sallama, ya miƙo mini leda, ya zauna a kan tabarma, 'yan biyunmu su haye jikinsa suna laluben aljihu. Ba a taɓa kwana da yunwa a gidana ba yana raye. Wannan shaidar zan ba shi har gaban Allah.

A watan Afrilun 2020 aka rufe Kano saboda korona. Azumi ya kama muna kulle. A makon farko na azumin zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu kawai, ranar na biyar da asuba Allah ya karɓi abinsa. Lokacin ne ake ta rashe-rashe a gari, kusan kowace unguwa da gidan makoki. Mutane kaɗan ne suka samu zuwa jana'iza. Da aka dawo daga maƙabarta, yayansa ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina ya ce mini an yi cigiya kamar yadda aka saba, an ce duk mai bin mamaci bashi ya yi magana, babu wanda ya ce uffan. Na ce alhamdulillahi. A cikin wannan baƙin cikin, wannan maganar ce ta ɗan sanyaya mini rai, domin tun muna Islamiyya ake karanta mana cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. 'Yan uwa sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kowa a lokacin ta kansa yake yi. Ranakun Litinin da Alhamis da ake sassauta dokar kulle, sai in ba babban ɗana, mai shekara goma sha uku, abin da ya samu, in ce ya je shagon Baba. In na ba shi kuɗin rabin kwano sai ya dawo da kwano. In na tambaye shi sai ya ce, "Umma, Baba ya ce in tafi, za a yi lissafi." Wata rana ko sisi ba ni da shi, na tura shi ya karɓo gishiri da ashana kawai, sai ga shi da taliya uku da ƙullin mai da gwangwanin sukari. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada yara su ga hawayena.

Da na fita takaba a watan Satumba, na sayar da ɗan kunnena na zinare, wanda ya rage mini a kayan lefe. Na sa hijabi na nufi shagon, karo na farko a rayuwata. Na tarar da dattijo siriri mai furfura, yana zaune a kan buhun wake. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya har muryarsa tana rawa.

Na ce, "Baba, na zo a yi lissafin abin da yaro ya riƙa karɓa."

Ya ce, "Maman 'yan biyu, wannan ai na marayu ne. Ban rubuta ba."

Na yi godiya. Har na miƙe sai idona ya kai kan wani littafi mai baƙin bango da ke kan kanta, an ɗaure shi da roba, gefensa duk ya sha mai. Ban san me ya sa na tambaya ba. Na ce, "Baba, don girman Allah, baban yara yana da shafi a littafin nan?"

Bai amsa ba. Ya ɗauki tsintsiya ya fara share shinkafar da ta zube a ƙasa. Na sake tambaya. Sai ya ajiye tsintsiyar ya ce, "Ya roƙe ni kada in gaya miki."

Ashe tun watan Oktoban 2019 aka rage ma'aikata a kamfaninsu, har da shi. Wata shida yana fita da sassafe da kayan aikinsa kamar kullum, ashe kasuwar Singa yake tafiya yana taya lodi da sauke kaya, mutumin da ya haura shekara arba'in da biyar, ga ciwon baya. Ranar da ya samu ya biya, ranar da bai samu ba Baba ya auna masa ya rubuta. Ledar da yake miƙo mini bayan magariba, wadda nake karɓa ina cewa Allah ya ƙara buɗi, wani lokaci har ina ƙorafin man ya yi kaɗan, rabinta bashi ce. Baba ya buɗe mini shafin. Rubutun ajami ne, lambobin kuma na boko. Shafi biyu da rabi. Jimla naira 47,300.

Ya ce, "Ranar jana'iza ina tsaye a sahu na ji cigiyar. A take na ce na yafe masa duniya da lahira. Babu komai a kansa, ki kwantar da hankalinki."

Na ji daɗin wannan, Allah ya sani. Amma na ɗaga kai na dubi shagon. Katakon da ake jera gwangwanaye rabinsa babu komai. Buhun shinkafa ɗaya ne, shi ma ya kusa ƙarewa. Na san yana da iyali masu yawa, na kuma gane cewa shi ma a Singa bashi yake ɗaukowa. Kulle ya cinye masa jari, kuma ba mu kaɗai ne a littafin ba. Na ce, "Baba, ka yafe wa mamaci, Allah ya saka maka da Aljanna. Amma abincin nan ni da 'ya'yana muka ci. A buɗe sabon shafi a sa sunana." Mun daɗe muna ja. Daga ƙarshe ya ce, "To, in kin samu ki kawo, in ba ki samu ba babu mai bin ki." Na ba shi naira 15,000 daga kuɗin ɗan kunne, sauran na riƙe a matsayin jari.

Daren nan ban runtsa ba. Ina ta tuno ranakun da ya shigo yana dafe da ƙugu, in ce masa ko aikin ne ya yi yawa, ya ce eh. Na yi fushi da shi da ya ɓoye mini, na yi fushi da kaina da ban taɓa tambaya ba. Har yau ina ganin da na san halin da ake ciki, da na rage hannu a girki, da na fara wata sana'a tun yana raye, da ya samu wanda zai gaya wa damuwarsa. Mazajenmu suna ɗaukar rufin asiri har ya haɗa da matar da ke cikin ɗakinsu, mu kuma an koya mana cewa tambayar kuɗin cefane rashin kunya ce. Wannan tarbiyyar ta cuce mu, ni da shi.

Zuwana Yankaba na farko abin tausayi ne. Na sauka daga adaidaita sahu na tsaya kamar baƙuwar gari. Motoci suna sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, 'yan dako suna ta "hanya, hanya" da baro, ƙasa duk laka da ruɓaɓɓen ganye. Duk wanda ya faɗa mini kuɗi sai in miƙa, don kunyar tayi nake ji. Na dawo gida da kayan da ba su kai rabin kuɗina ba, ƙasan ledar tumatir ɗin kuma duk fasassu ne.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mai sayar da ƙosai, ita ta ga kayan ta riƙe baki. Ta ce, "'Yar nan, jibi ki shirya mu tafi tare." Ita ta koya mini kasuwa. Ta ce in mai kaya ya faɗi kuɗi in taya ƙasa, in ya ce albarka in ƙara kaɗan, in bai sallama ba in yi gaba, in yana so zai kira ni. Ta ce kada in yarda a zuba mini daga inda ban gani ba, in sa hannu in tona kashin har ƙasa. Ta nuna mini yadda ake juya kwanon awo a duba gindinsa, don wasu sukan bubbuge shi ya shige ciki. Gero da masara a ɗauki ƙwaya a ciza, in ta yi ƙaras ta bushe, in ta yi laushi za ta yi fumfuna a ajiye. Wake a duba huda. Daddawa a shinshina. Manja a ɗiga a bayan hannu. Kuma kada in bar wurin ban ce a yi mini gyara ba, domin gyara haƙƙin mai saye ce a kasuwarmu, ba roƙo ba ne.

Ita ce kuma ta koya mini lokaci. Da sanyi zuwa farkon bazara, sanda tumatir ɗin noman rani na su Kadawa da Kura yake cika kasuwa, sai mu haɗa kuɗi mu huɗu mu sayi kwando, mu raba, mu yanka mu shanya a kan rufi mu yi kauɗa, ita za ta riƙe mu da damina sanda ɗanye yake gagara. Da kaka kuma mu yi adashi, wadda ta ɗauka a raka ta Dawanau ta sayi gero ko masara ko waken suya na wata uku. Da waken suyan na fara awara a ƙofar gida. Na yi wa kaina alkawari 'ya'yana mata ba za su ɗauki talla ba, kuma Allah ya cika mini. Duk ƙarshen wata nakan kai wa Baba dubu ɗaya, dubu biyu, wani watan ɗari biyar. Ya buɗe littafi ya rage.

A cikin shekarun nan unguwar tana ta sauyawa a kan idonmu. Gonakin baya tuni aka yanka su fuloti. Aka zuba kwalta a babban layi, filaye suka yi tsada. Duk gidan da maigidansa ya rasu sai magada su sayar a raba kuɗi, wanda ya saya ya rushe ya tayar da bene, sama gidan haya, ƙasa shaguna. Sababbin maƙwabta suka zo da dogayen katangu da get, ba mu san su ba, ba su san mu ba, cefanensu a bayan mota yake shigowa. Masu haya aka riƙa ƙara musu kuɗi har suka tattara suka yi gaba, wasu Tokarawa, wasu Gunduwawa, wasu har Jogana. Mu abin da ya tsayar da mu shi ne ɗan gidan namu ne, ɗaki biyu, baban yara ya gina tun ƙasa tana araha. Aka sare darbejiyar bakin layi don a yi kwata, dattijo mai kayan miya ya koma rana. Fulanin nono suka daina shigowa.

A 2022 mahaifiyata ta kwanta ciwo a ƙauye, na tafi jinya na yi mako bakwai. Ranar da na dawo, adaidaita ya sauke ni a bakin layi, na duba inda shagon Baba yake sai na ga tarin ƙasa da leburori. An sayar da gidan, an ba shi wata guda ya kwashe kayansa. Shi ma ashe haya yake yi shekara ashirin da wani abu. Na tambayi kowa ina ya koma, wani ya ce ya yi gabas, wani ya ce ya koma garinsu. Lambarsa tana cikin wayar baban yara, wayar kuma na sayar da ita tun lokacin kuɗin makaranta. Saura naira 11,500 a shafina.

Zan faɗi wani abu da yake yi mini nauyi. Maginan da suka tayar da bene a kan gurbin shagon, ni na riƙa sayar musu da abinci. Wata takwas ina dafa shinkafa da wake da mai da yaji, ɗana yana kai musu a kula. Da kuɗin na biya wa babban ɗana jarrabawar gama sakandare. Kullum in na zuba abincin sai na tuna wurin da za a kai shi. Amma yara biyar ba sa cin tunani.

Da aka gama ginin aka buɗe babban kanti a ƙasa, mai ƙofar gilashi da fanka da firiji. Ba zan yi masa ƙazafi ba: wurin tsaf yake, kaya a rufe, awo ba ya ƙwange, yaran da ke ciki suna da ladabi. Sai dai kowane kaya da kuɗinsa manne a jiki. Babu tayi, babu gyara, babu gwangwani, babu ƙulli. A jikin bango an liƙa takarda cewa ba a ba da bashi. Na taɓa ganin wata yarinya ta shiga da naira hamsin tana son sukari, aka ce mata sai leda guda, ta fito tana juya kuɗin a hannu. A da yarinyar nan da sukarinta za ta koma gida.

Sai ga canjin kuɗi a farkon 2023. Aka ce tsofaffin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu sun daina aiki, sababbin kuma babu su. Mutane suna kwana a layin banki, masu POS suna cire kaso mai yawa kafin su ba ka kuɗinka. A nan abin ya juye. Kantin gilashi yana karɓar taransifa, in da sabis. Dattijo mai kayan miya kuwa ko asusun banki ba shi da shi. Na tsaya a gabansa wata rana da kuɗi a waya, ba ni da takarda ko ɗaya, shi kuma tumatir ɗinsa yana narkewa a rana. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ɗebi ki je, in gari ya waye kya kawo." Haka ya yi wa rabin layin. Wasu sun kawo, wasu ba su kawo ba. Kafin kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi a watan Maris, jarinsa ya karye. Bai sake kasa kaya ba. Bayan wata biyu, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin adaidaita ya ninka, komai na kasuwa ya bi shi. Muka koma tafiya Yankaba a ƙafa, mu dawo da kaya a ka. Shinkafa ta zama ta ranar Juma'a a gidana, sauran kwanaki tuwon masara da miyar kuka, ko ɗanwake, ko garin kwaki.

Duk wannan bai mantar da ni 11,500 ba. Na ƙulle su daban a ƙasan akwati, sau biyu ina cirewa don ciwon yaro ina mayarwa. A ƙarshen 2024 wani mai kawo burodi a babur, wanda ya daɗe yana zagaya shagunan yankin, ya tsaya sayen awara. Hira ta kawo hira, na ambaci Baba. Ya ce ai yana kai masa burodi, yana can bayan Gunduwawa, ya kwatanta mini.

Ranar Asabar na ɗauki babban ɗana muka tafi. Bayan mun sauka a titi mun yi tafiyar kusan rabin awa a cikin sababbin gine-gine da gonaki, irin yadda unguwarmu take a 2006. Muka same shi a ƙofar wani gida da ba a yi wa filasta ba. Babu shago, tebur ne da rumfar buhu: ƙullin sukari, ƙullin omo, magi, ashana, burodi biyar. Ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Na yi sallama, ya karkata kai ya ce, "Wannan muryar Maman 'yan biyu ce."

Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na fito da kuɗin, na ajiye masa da kwano biyu na shinkafa, domin na san abin da 11,500 take saya sanda aka rubuta ta ba shi take saya yanzu ba. Ya ce bai san da wani saura ba. Na ce a duba littafi. Ya aika jikansa cikin gida, sai ga littafin nan mai baƙin bango, da robarsa. Ya ce shi yanzu ba ya ganin rubutu, ɗana ya duba. Yaron yana buɗewa ina kallo: shafuka da yawa ba a soke su ba, sunayen mutanen da na sani, wasu sun rasu, wasu sun tashi, wasu suna nan suna wuce ni a layi. Ya kai kan nawa, Baba ya miƙa masa biro ya ce ya ja layi.

Sai na roƙe shi abu ɗaya. Na ce ya ba ni shafukan baban yara. Ya yi shiru, sannan ya lalubo su da yatsa, ya sa yaron ya yaga a hankali ta jikin ɗinki.

A cikin adaidaita muna dawowa ɗana ya karanta mini, don shi ya iya ajami, ni ban iya sosai ba. Rabin kwanon shinkafa. Taliya biyu. Mai. Sabulu. Gwangwanin wake. Haka layi bayan layi, wata shida. Na ƙarshe an rubuta shi ana jibi azumi: gero kwano ɗaya, sukari gwangwani biyu, dabino, sai alawa biyu ta naira ashirin. Na tuna daren. 'Yan biyu sun laluba aljihunsa sun samu, suna ta tsalle a tsakar gida, ni kuma ina daga madafa ina ce masa yana ɓata su da zaƙi.

Yaron ya naɗe takardun ya miƙo mini, na ce ya riƙe a wurinsa. Muka sauka a Yankaba ana kiran la'asar, lokacin da masu kayan gwari suke sakin kaya don kada ya kwana. Na ba shi kuɗin cefanen, na tsaya a bayansa, na ce ya taya.